Gani, ji da taɓi: yadda ake tsare su kafin su tafi ba sallama

Haƙori idan zai lalace yakan yi wa mai shi kara: ya yi ciwo, ya hana barci, ya kai mutum asibiti ko ba ya so. Ido da kunne da jijiyoyin ƙafa ba sa yin wannan karar. Hawan jinin ido yana cin gani daga gefe shekara da shekaru, ko ƙaiƙayi babu. Ƙarar inji tana rage ji kaɗan-kaɗan har sai iyali sun gaji da maimaita magana. Suga yana kashe tafin ƙafa har ƙusa ta shiga ta kwana mai ƙafar bai sani ba. Kuma abin da jijiya ta rasa, galibi ba ya dawowa. Wanda duk zai jira sai ya ji ciwo kafin ya motsa, ya riga ya makara. Tsare waɗannan gaɓoɓi aiki ne na awo da kiyaye lokaci, da kame hannu daga zuba musu abin da ba a san kansa ba.

Mutanen Kaduna suna da wata dama da sauran jihohi ba su da ita. Cibiyar kula da lafiyar ido ta ƙasa tana nan Kaduna, cibiyar kula da lafiyar kunne ta ƙasa ma tana cikin gari, ga Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, ga na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika. Daga wasu jihohi takakkiya ake yi a zo. Abin takaici, na kusa da su ma sau da yawa sai abu ya ƙure suke zuwa.

A fara da jini

Wasu ƙananan hanyoyin jini, waɗanda gashi ya fi su kauri, su ne ke ciyar da labulen bayan ido, da can cikin kunne, da jijiyoyin ƙafa. Su ne suga da hawan jini suke fara ɓatawa. Shi ya sa maganar ido da kunne take farawa daga abin awon suga da na hawan jini.

Awon suga ana yin sa da safe kafin a karya, bayan awa 8 ba a ci komai ba. Ƙasa da 100 lafiya lau. Daga 100 zuwa 125 gargaɗi ne. Idan ya kai 126 ko ya wuce a awo biyu na ranaku daban-daban, ciwon suga ne. Wasu injunan da ƙananan lambobi suke ƙirga, a wurinsu 5.6 shi ne 100, 7.0 kuma shi ne 126, kada a rikice. Wanda ya riga ya kamu ya nemi gwajin HbA1c duk wata uku zuwa shida. Shi yana nuna yadda sugan ya zauna a watanni ukun da suka wuce, ba ya ruɗuwa da yunwar da aka yi jiya don za a ga likita. Yawancin masu ciwon ana so su tsaya ƙasa da 7.

Hawan jini kuwa, a zauna a huta minti 5 kafin a ɗaura abin awo, a ɗora hannu a kan tebur daidai da ƙirji, kada a yi magana, kuma kada a auna bayan an ci goro, an sha shayi ko sigari sai an yi rabin awa. Idan yana kai 140/90 a ranaku daban-daban, yana buƙatar likita. Wanda ya kai shekara 40 ya auna duka biyun aƙalla sau ɗaya a shekara ko da yana jin garau.

A kicin, gishirin da babba zai ci a yini kada ya wuce giram 5, wato cokalin shayi ɗaya shafe, kuma wannan lissafin ya haɗa har da na cikin burodi, yajin tsire, kilishi da sinadarin taliyar leda. Dunƙulen ɗanɗano kusan rabinsa gishiri ne, saboda haka wadda ta rage gishiri ta ƙara dunƙule ba ta rage komai ba. A rage shi sannu a hankali cikin makonni, a bar daddawa, citta, tafarnuwa da albasa su cike gurbin. Harshe yana sabawa. Suga kuma, iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba babba bai wuce kimanin cokalin shayi 12 a yini ba, 6 ya fi. Gorar lemo ɗaya mai santilita 50 tana iya cinye wannan kason kusan duka, tun ba a zo ga shayin safe da zoɓon rana ba. A teburin mai shayi ka faɗi adadin cokalin da kake so, kada ka bar wa hannunsa.

Rabin faranti ya zama ganye da kayan lambu, rubu'i tuwo ko shinkafa, rubu'i wake, kifi, ƙwai ko nama. Tuwon dawa, gero da acca sun fi farar shinkafa da burodi, amma malmala uku ta acca ma tana ɗaga suga, don haka yawan abin ake dubawa. A yi tafiyar sauri ta minti 30 kwana biyar a mako. Sigari da shisha a bar su gaba ɗaya, suna hanzarta yanar ido, suna toshe jinin ƙafa, suna dusashe jin ƙamshi. Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya ga awo ya yi kyau ya ajiye magani. Maganin ne ya sa awon ya yi kyau.

Ido

Binciken makanta na ƙasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ya nuna cewa cikin 'yan Najeriya masu shekara 40 zuwa sama, kashi 4.2 cikin 100 makafi ne, kuma kashi 84 na wannan makantar abin da za a iya hanawa ne ko a warkar. Yanar ido ce kan gaba da kashi 43, sai hawan jinin ido da kusan 17.

Hawan jinin ido, wanda likitoci ke kira gilakoma, sunansa na Hausa yana ɓatar da mutane. Ba shi ne hawan jini na jiki ba, mutum zai iya samun ɗaya babu ɗayan. Wani ruwa ne da ido ke yi yana kuma zubarwa ta wata 'yar magudana. Idan magudanar ta cushe sai matsin ya ƙaru ya riƙa danne jijiyar gani. Matsin lafiyayyen ido yana tsakanin 10 da 21. Cutar ta fi kama baƙar fata, da wuri kuma, tana kuma bin jini. Binciken nan ya gano tana jikin kusan mutum 5 cikin 100 na masu shekara 40 zuwa sama, kuma fiye da 9 cikin 10 ba su san suna da ita ba. Gefen gani take fara ci, ɗayan idon yana rufa wa ɗan'uwansa asiri, sai mutum ya fara karo da ƙofa ko babur ya ɓullo masa ba zato.

Daga shekara 40 a je a duba ido duk shekara biyu. Wanda mahaifinsa, mahaifiyarsa ko ɗan'uwansa ke da cutar ya fara tun yana 35, kuma duk shekara. Abubuwa uku ake so a yi: a auna matsin ido, a leƙa jijiyar bayan ido, idan an ga alama a yi gwajin faɗin gani. Awon matsi shi kaɗai bai isa ba, don akwai waɗanda jijiyarsu ke lalacewa alhali matsin yana daidai. Gwada tabarau a kasuwa har a sami wanda ya fito da rubutu kuwa sayayya ce kawai, ba a duba komai ba.

Idan an ba da maganin ɗigawa, na har abada ne sai dai idan an yi aiki. Ba ya ƙara gani, ragowar yake riƙewa, shi ya sa masu cewa "na yi wata uku ban ga canji ba" suke ajiyewa su makance. Yadda ake sa shi: a wanke hannu, a ɗaga kai, a ja fatar ido ta ƙasa, a ɗiga ɗigo ɗaya tak ba tare da bakin kwalbar ya taɓa ido ba. A rufe ido, a danne lungun da ke kusa da hanci da yatsa minti ɗaya zuwa biyu, don kada maganin ya zurare zuwa maƙogwaro. Idan iri biyu ne a bar minti 5 a tsakani. Kwalbar da aka buɗe ta yi kwana 28 a yar da ita. Mai asma ko ciwon zuciya ya faɗa wa likita kafin a ba shi maganin ɗigawar da ake kira timolol. Da azumi kada a tsallake; na sau biyu a rana likita zai iya daidaita shi da sahur da buɗa-baki.

Akwai gilakomar da mutane ke saya da kuɗinsu a kemis. Yaro ya riƙa sosa ido, farin idon ya koma ruwan ƙasa, musamman lokacin zafi da ƙura, sai a sayo ɗigon da ke kwantar da ja cikin kwana biyu a mai da shi na kullum. Yawancin irin waɗannan suna ɗauke da sitiroyid. A duba kwalin, sunan sinadarin yakan ƙare da "sone" ko "lone". Makonni kaɗan na amfani da shi suna iya ɗaga matsin ido, watanni kuma su kawo yana. Idan akwai gyambo a baƙin ido, sitiroyid ƙara rura shi yake yi. Ga ƙaiƙayi, a ɗora tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan sanyi minti 5 zuwa 10, a hana sosa, a kai yaron asibiti a ba shi wanda ya dace.

Afolo yana warkewa da kansa cikin mako ɗaya zuwa biyu. Wanke hannu da raba tawul da matashi shi ne aikin. Abin da ke makantarwa a lokacin afolo shi ne abin da ake zubawa: fitsari, ruwan batir, ruwan suga, nonon uwa, ruwan albasa, lemon tsami. Fitsari yana iya ɗauke da ƙwayar ciwon sanyi, wadda kan huda baƙin ido cikin kwana ɗaya ko biyu. Jan idon da ya zo da zafi mai tsanani, raguwar gani, ƙin haske ko farin tabo a kan baƙin ido ba afolo ba ne, a tafi asibiti a ranar. Haka manomin da kara ko ganyen masara ya share wa ido lokacin kaka, ko da ya ga abin kaɗan ne.

Yanar ido kam tana da magani. Aiki ne na ƙasa da awa ɗaya, a cire madubin cikin ido da ya yi hazo a sa na roba, kuma ba sai an jira ta rufe ruf ba. Da zarar ta hana karatu ko sana'a lokaci ya yi. Masu yawo ƙauyuka suna tura yanar cikin ido da tsinke ba cire ta suke yi ba. Mutum yakan ga haske a ranar ya yi ta godiya, daga baya kumburi da hawan matsi su biyo, kuma mafi yawan idanun da aka yi wa haka a makance suke ƙarewa. Mai ciwon suga ya je a buɗe ƙwayar idonsa da magani a duba bayanta tun ranar da aka gano ciwon, sannan duk shekara. Mai sikila ma haka tun daga shekara 10, musamman mai nau'in SC, wanda ciwonsa ya fi sauƙi a jiki amma ya fi taɓa ido.

Masu walda da maƙera na Panteka da sauran garejoji su sani baƙin tabarau na kwalliya ba ya tare hasken walda, buɗe ƙwayar ido ma yake yi hasken ya ƙara shiga. Garkuwar fuska ake so mai gilashi lamba 10 zuwa 13. Ƙunar hasken ba ta tashi sai bayan awa 6 zuwa 12, shi ya sa cikin dare ne ido ke cika da yashi, kuma yaran shago da ke riƙe wa oga ƙarfe su suka fi shan ta. Wurin goge ƙarfe da dukan guduma a sa farin tabarau mai rufin gefe. Idan ɓarɓashi ya shige, kada a bi shi da maganaɗisu ko tsinken ashana. A kifa gindin kofin roba a kan idon a manne, kada a danna, a tafi. Siminti, farar ƙasa, ruwan batir ko sodar haɗa sabulu kuwa, wanki ne farko: a buɗe idon da yatsu a yi ta kwarara ruwa mai tsabta minti 20 cur kafin a nemi abin hawa.

Ga yara, dundumi alamar ƙarancin bitamin A ce, kuma ƙyanda kan ƙarasa ragowar har baƙin ido ya narke. Rigakafin ƙyanda a wata 9 ne da wata 15. Ɗigon bitamin A ana ba da shi duk wata shida daga wata 6 zuwa shekara 5, shuɗi ga 'yan ƙasa da shekara ɗaya, ja ga waɗanda suka haura. A gida akwai shi a manja, zogale, alayyafo, kabewa, karas, mangwaro, gwanda, ƙwai da hanta, sai dai yana buƙatar ɗan mai a abincin kafin jiki ya ɗauka. Man girki na kamfani a duba tambarin ido a jikinsa, alamar an ƙara masa bitamin ɗin ne. Wanke fuskar yaro safe da yamma yana korar ƙudajen da ke yaɗa amosanin ido. Kwallin dutse mai ƙyalli yawanci dalma ce a cikinsa, bai kamata ya taɓa idon jariri ba. Jaririn da idonsa ke zubar da mugunya a watan farko, ko yaron da ƙwayar idonsa ke haske fari kamar ta kyanwa, ba a kwana da su a gida.

Kunne

A can cikin kowane kunne akwai wasu ƙwayoyi masu kama da gashi, kimanin 16,000, su ke mai da sauti saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Da su aka haife mu, wanda ya mutu ba ya tsirowa. Ƙarfin sauti da desibel ake auna shi. Hira ta yau da kullum kimanin 60 ce. A 85 kunne yana jure awa 8, daga nan duk ƙarin 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, 94 awa ɗaya, 100 kuwa minti 15 kacal. Injin niƙa, injin tsaga katako da gaban lasifikar biki duk suna iya haura 90. Ba sai da na'ura ba: idan sai ka ɗaga murya kafin wanda ke tsaye nisan miƙa hannu daga gare ka ya ji, wurin ya kai matakin ɓarna. Idan ka bar wurin kunnenka yana ƙugi ko ya yi dum, an riga an taɓa shi.

Auduga ba ta tare komai. Abin toshe kunne na soso ake so, kuma yawancin masu shi ba su iya sa shi ba. A murza shi da yatsu ya zama siriri, a zagaya da ɗayan hannun ta bayan kai a ja kunnen sama da baya, a tura, a riƙe daƙiƙa 30 ya kumbura a ciki. Idan rabinsa yana leƙowa waje bai zauna ba. Cire shi na 'yan mintuna ana tsakar aiki yana zubar da babban kason kariyar yinin. Masu niƙa su ɗaure sassan injin da ke kaɗawa, su ɗora shi a kan roba, su riƙa karɓa-karɓa. Janareta a nisanta shi daga ɗakin kwana. A wurin biki a zauna nesa da lasifika, kuma goyo ba shi da abin yi a gabanta. Iyafis kada ya wuce kashi 60 na ƙarfin waya, a huta bayan kowace awa, kada a kwana da shi. Siririn sauti ne ke fara tafiya, shi ya sa alamar farko ita ce mutum yana jin ana magana amma kalmomin ba sa fita, musamman a kasuwa ko taro. Mai aiki cikin ƙara ya je awon ji duk shekara.

Dauɗar kunne ba ƙazanta ba ce, man kariya ne, kuma kunne yana turo ta waje da kansa. Tsinken auduga, ashana, gashin kaza da makulli tura ta ciki suke yi su kuma yaga fata, wani lokaci su huda dodon kunne. A goge waje da tsumma ya wadatar. Idan ta taru ta toshe, ɗigo biyu ko uku na man zaitun sau biyu a rana na kwana biyar yana tausasa ta a wanke a asibiti, da sharaɗin kunnen ba ya ciwo, ba ya zubar da ruwa, kuma ba a taɓa cewa dodon ya huje ba. Ƙwaro idan ya shiga, da man ake kashe shi tukuna, kada a bi shi da tsinke. Mari a kan kunne yana fasa dodon kunne. Iyaye da malamai su ji wannan da kyau.

Kunnen yaro mai zubar da mugunya wasu sun ɗauke shi kamar wani mataki na girma. Dodon ne ya huje. A murza tsumma mai tsabta ko takarda mai laushi kamar lagwani, a sa a bakin kunnen ya tsotse, a canza har ya fito a bushe, sau uku a rana. Kada ruwa ya shiga wurin wanka, kada a ɗiga manja, turare ko ruwan ganye. A kai shi asibiti tun farko. Idan ya wuce mako biyu yana zuba ya zama na likitan kunne, idan kuma bayan kunnen ya kumbura, ko zazzaɓi da ciwon kai suka shigo, gaggawa ce.

Wasu magunguna guba ne ga kunne. Allurar jentamaisin da 'yan uwanta irin su sitreftomaisin da amikasin suna ceton rai a hannun likitan da ke auna nauyi da lafiyar ƙoda, amma a hannun mai allurar unguwa da ke yin su don "taifot" ko "sanyi" suna iya kurmantar da mutum har abada. Kwinin da asfirin mai yawa suna sa ƙugi, wanda yawanci yakan tafi idan an daina. Duk wanda ya ji ƙugi, jiri ko raguwar ji yana kan magani ya sanar a ranar.

Kaduna tana cikin yankin sanƙarau, wanda ke tashi daga hunturu zuwa bazara. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar rigakafin da ke kare nau'i biyar na ƙwayar. A karɓi rigakafi, a rage cunkoso a ɗakin kwana, a buɗe tagogi. Wanda ya tashi daga sanƙarau a auna jinsa cikin makonni huɗu, domin cikin kunnen yana iya sandarewa ya zama ƙashi, gyara ya yi wuya. Zazzaɓin Lassa ma yana taɓa jin kusan ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka warke. Sai ciwon shawara na jarirai: a duba farin ido da dasashi da hasken rana kullum a makon farko. Shanya jariri a hantsi da ba shi ruwan gulukos ba sa saukar da ita, fitilar asibiti ce ke yi, kuma idan ta hau kai tana barin kurumta. A cire kafur daga kayan jariri, yana fasa jinin yara da yawa. Jariri ya kamata ya razana da ƙara tun haihuwa, ya juya wajen murya a wata 6, ya haɗa kalma biyu a shekara 2. "Babansa ma bai yi magana da wuri ba" ta ɓata wa yara da yawa shekarun koyon magana.

Babba da ya wayi gari kunne ɗaya ya ɗauke ɗif, ba ciwo ba ruwa, ya ga likitan kunne cikin kwana ɗaya zuwa uku. Maganin yana aiki ne a farko-farko, bayan mako biyu damar ta ragu ƙwarai.

Tafin ƙafa

Mutuwar jijiya daga yatsun ƙafa take farawa, ƙafa biyu tare: zafi kamar barkono da dare, tafiyar kiyashi, ko jin kamar ana taka katifa. Silifas ya zame mutum bai sani ba. Suga ne babban dalili, amma akwai giya, shaƙar sholisho, maganin feshin gona da aka yi ba kariya, da ƙarancin bitamin B12, wanda ke samun masu shan maganin suga na metfomin shekaru da yawa. Mai shan maganin tarin fuka ya tambayi bitamin B6.

Mai suga ya duba ƙafarsa kowane dare da haske: tafi, dunduniya, tsakanin yatsu. Idan ba ya iya sunkuyawa ya sa madubi a ƙasa ko wani ya duba masa. Ana neman bororo, faso, kanta mai baƙin ɗigo, ko wuri ɗaya da ya fi sauran ɗumi. Lalle yana ɓoye canjin launi, mata su sa hannu su shafa. Bayan alwala a tsane tsakanin yatsu, damshin wurin ne ke jawo tsagewa. A shafa basilin ko man kaɗe a tafi da dunduniya, ban da tsakanin yatsu. Farce a yanke shi a miƙe da abin yanka na kai, kada a miƙa wa mai yawo da almakashi, kanta kuma kada a fere ta da reza. A zazzage takalmi a sa hannu ciki kafin a saka. Sabon takalmi da yamma ake saye, lokacin ƙafa ta ɗan kumbura, a fara da sa shi awa ɗaya ko biyu.

Wurare biyu ne ƙafa ta fi ƙonewa a garin nan. Da hunturu, wajen jin ɗumi a bakin kasko da ruwan wanka mai zafi. Ruwan da gwiwar hannu ake gwada shi. Da bazara kuma, dandamalin masallaci da kwalta ranar Juma'a. A sa safa mai kauri, a ajiye takalmi dab da darduma. Rauni komai ƙanƙantarsa idan bai nuna alamar warkewa cikin kwana biyu ba a kai asibiti, kada a zuba masa garin kafso ko toka. Sau ɗaya a shekara a nemi gwajin nan da ake taɓa tafin ƙafa da wani siririn zaren roba ido a rufe.

Tabo mai haske a fata wanda ba ya ƙaiƙayi, ba ya gumi, kuma ba ya jin taɓin auduga, a zargi kuturta. Maganinta kyauta ne, na wata 6 ko 12, kuma cibiyar horaswa ta ƙasa kan tarin fuka da kuturta tana Saye a Zariya. Wanda ya fara da wuri ba ya rasa yatsa ko ɗaya.

Hanci da harshe

Yawancin abin da ake kira ɗanɗano ƙamshi ne, shi ya sa mai mura ke cewa abinci ba daɗi. Ƙurar hunturu, hayaƙin itace a rufaffen kicin, tabar shaƙa da sigari su ne masu gajiyar da hanci. A rufe hanci a kan babur, a sa hular kwano, domin buguwar kai tana tsinka siraran jijiyoyin ƙamshi. Hancin da ya bushe a wanke shi da rabin cokalin shayi na gishiri a kofi ɗaya na ruwan da aka tafasa ya huce. Ɗigon buɗe hanci na kemis kada ya wuce kwana 5, bayan haka shi da kansa ke toshe hancin. A goge haƙora da harshe sau biyu a rana, a sha ruwa isasshe, a ci wake, gyaɗa, riɗi da nama saboda sinadarin zink.

Wanda ƙamshi ya ɗauke masa bayan mura ko korona ya horar da hancin: kanumfari, ɓawon lemon tsami, citta da man zafi, kowanne a shaƙa a hankali daƙiƙa 20, safe da yamma, aƙalla wata uku. Idan ɓari ɗaya ne ya toshe, ko yana fitar da jini ko wari, likita zai duba. Kafin ƙamshin ya dawo, wani ya riƙa duba masa tukunyar gas da abincin da ya kwana, gishirin miya kuma a auna shi da cokali a daina bin harshe.